Busasshen Kara da Shuɗin Zare

Litinin, 13 ga Oktoba, bayan La'asar

Mako biyar ke nan da aka jefo ni wannan firamaren ta bayan Doguwa, sai yau na san abin da suke kira aikin hannu. Tsintsiya. Uwar yaro ta saya masa tsintsiya ranar kasuwa, ya kawo, a rubuta masa maki, malamai su raba su kai gida. Hedimasta, Malam Sale, ne ya faɗa mini yana murmushi. Na ce, ranka ya daɗe, to hannun wa ya yi aikin? Ya ce, "Malam Mu'azu, kai dai ka cika tambaya. Ba ita ta kawo ka nan ba?"

Ita ta kawo ni.

Aji huɗu dai nawa ne, yara arba'in da biyu, kuma ba zan karɓi tsintsiyar kowa ba. Na rubuta sunayensu na zuba a hulata, aka ɗauka biyu-biyu. Wanda ka ɗauko, kai za ka yi masa kyauta da hannunka, shi ma ya yi maka. Tara daga cikinsu 'yan rugar Ardo Buba ne ta ƙetaren rafi. A layin baya suke zama, babu wanda ya ce su zauna can, babu kuma wanda ya taɓa cewa su matso. Raihana, jikar Alhaji Shitu mai lambu, ta ɗauko Saude 'yar Buba. Suka kalli juna kamar an haɗa su dambe.

Na ce ranar Alhamis kowa ya zo da kara, busasshe ƙarau, wanda reza za ta ɓare. Raihana ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai ba a yanke dawa ba." Na ce ban tambaye ki dawa ba, kara na ce, kuma wanda ya zo babu shi a waje zai tsaya. A garinmu Kunchi yanzu an daɗe da girbe gero, kara har tuntuɓe ake yi da shi a hanya. Yaran nan ƙiwa ce kawai.

Talata, 14 ga Oktoba, da safe

Ruwa kuma. A Oktoba. Ƙasar nan ba ta san lokacin da ake daina abu ba.

Alhamis, 16 ga Oktoba, bayan Azahar

Ashe suna iyawa. Kara ya zo dami-dami, ya ɗan yi baƙi-baƙi amma a bushe yake sosai. Har da zarensu suka zo, shuɗi, irin wanda ake warewa daga buhun taki. Na yaba musu.

Na nuna musu yadda ake ɓare ɓawon a tsaye, a fere shi siriri ya zama kamar allura, a soke shi cikin totuwar, farin nan mai laushi na ciki. Inda ya ƙi zama a ɗaure da zare. Tayoyi kuma daga matattun silifa. Reza uku gare mu, kuma ni nake riƙe da su, duk mai so ya zo gabana. Kafin a tashi, Mustapha ya haɗa babbar mota har da wurin zaman yaron mota, ya kuma yi gilashin ido na kara ya ƙwama a hanci yana kwaikwayon Hedimasta. Na hana shi. Ya yi kama dai.

Raihana gado take yi, mai ƙafa huɗu da wurin jingina. Saude kuwa ta ƙi taɓa kara. Yumɓu ta ɗebo a rafi cikin ganye tana gina saniya, da tozo da komai. Raihana ta leƙa ta ce, "Wannan ai akuya ce." Saude ba ta ɗago ba ta ce, "Gadon naki ko ɓera ba zai kwanta ba." Sai ga su sun matso benci ɗaya.

Na liƙa wa kowace kyauta takarda a ƙasa, daga wane zuwa wane, muka jera su a taga su jira mako mai zuwa. Saniyar ba ta da ƙaho tukuna, Saude ta ce sai ta samo ƙaya mai kyau.

Tun da na zo garin nan, yau ce ranar da ban duba agogo ba.

Asabar, 18 ga Oktoba, da hantsi

Hayaniya daga wajen rafi tun da asuba. Shanun ruga sun shiga lambun Alhaji Shitu. Dashen tumatir da tattasai, an ce ko ganye ba su bari ba. Ina wanki na ga mutane suna wucewa da sauri, wasu da sanduna. Ban bi su ba. Ni baƙo ne.

Lahadi, 19 ga Oktoba, bayan Magariba

Alhaji Shitu ya yi magana a ƙofar masallaci. Ya ce da ture darnin suka yi da ya ce ƙaddara ce, dabba ce. Amma ba ture shi aka yi ba. Kwance shi aka yi, ƙulli bayan ƙulli, aka zare karan aka bar ƙofa kamar ta zaure. Ya ce, "Jama'a, ku faɗa mini, saniya tana kwance ƙulli?" Aka ce ba ta yi. Ya ce, "To hannu ne. Shekara ashirin suna shan rafinmu, wannan ce godiyar."

In faɗi gaskiya, tsohon ya ba ni tausayi. Ya haura saba'in, kuma da bokiti ya shayar da dashen nan, na sha ganinsa. Amma wasu da suka fi shi ɗaga murya ko jiya ba sa gaishe shi. Akwai masu jiran irin wannan ranar a kowane gari, na san su, kamanninsu ɗaya daga nan har Kunchi.

Ba ruwana.

Litinin, 20 ga Oktoba, ƙarfe tara

Layin baya babu kowa.

Talata, 21 ga Oktoba, bayan Azahar

Hayaƙi a ƙetaren rafi da safe. Abin da aka yi ba zan rubuta shi ba, da waɗanda suka yi. Uku daga cikinsu na gani suna dawowa, ɗaya har ya yi mini ina kwana. An ce babban ɗan Buba yana asibitin Doguwa da hannu a ɗaure.

A ofis malamai suna shan shayi. Wani ya ce ai dama. Na ce dama me? Babu wanda ya ƙarasa. Haka suke, a fara magana da ƙarfi a bar wutsiyarta a ƙasa.

Laraba, 22 ga Oktoba, bayan La'asar

Ban san abin da ya kai ni ta wajen lambun ba. Na tsaya a giɓin. Ragowar darnin karan bara ne, ya yi baƙi-baƙi saboda damina. An ɗaure shi da zaren buhun taki. Shuɗi.

Na koma makaranta na buɗe aji na daɗe a gaban tagar.

Ruwa ya sake sauka.

Alhamis, 23 ga Oktoba, bayan Azahar

Darasin aikin hannu. Babu wanda ya yi dariya, har Mustapha. Waɗanda abokan kyautarsu ba su zo ba suka zauna suna juya kara a hannu. Saniyar Saude ta fara tsagewa a baya.

Da aka tashi Raihana ta ƙi fita. Ta tsaya tana shara inda aka riga aka share. Na ce mene ne? Ta ce, "Malam, ba sata ba ce. Darnin kakana ne."

Na ce na ji.

Ta ce, "Mun zaga ko'ina, duk karan ɗanye ne yana gona. Kai kuma ka ce a waje za mu tsaya. Mu shida ne, ni na nuna musu. Ta bayan tsamiya muka zare, inda ba a gani. Mun ce in an yanke dawa sai mu mayar."

Na ce ya isa.

Ta ce, "Kada ka gaya wa Alhaji. Kullum ce mini yake matarsa, in ya ji ba zai ƙara ba." Sai ta tambaye ni ko Saude za ta dawo ta sa wa akuyar ƙaho.

Yarinya 'yar shekara tara ta faɗa mini ba a yanke dawa ba, a gaban aji, da hannunta a sama. Ni da takardun shaidata da shekara goma sha bakwai a koyarwa na ce mata ƙiwa ce. Ina wucewa ta cikin gonakin nan kullum, dawa kore shar ta fi ni tsawo, amma kaina yana Kunchi.

Juma'a, 24 ga Oktoba, bayan sallar Juma'a

Na hau tudun makaranta inda waya take kamawa na kira Kulu. Ban faɗa mata duka ba, amma matar da ta zauna da kai shekara goma sha biyu ba sai ka faɗa mata duka ba.

Ta ce, "Malam, don Allah wannan karon ka yi shiru. Wancan da ka yi magana me aka fasa? Su suna nan a kujerunsu, kai kana bayan duwatsu, mu muna nan."

Na ce ai ban ce zan yi magana ba.

Ta ce, "Muryarka ta ce."

'Yata Fa'iza ta karɓi wayar ta tambaye ni yaushe zan zo. Na ce mako biyu, in Allah ya yarda, zan kuma zo mata da mota ta kara. Ta ce ita jirgi take so. Kulu ba ta yi ƙarya ba. Babu abin da aka fasa wancan karon.

An sanar a masallaci cewa mai gari zai yanke magana Juma'a mai zuwa a ƙofar gidansa. Kowa ya san abin da za a yanke: ruga ta tashi.

Asabar, 25 ga Oktoba

Ban fita ba.

Litinin, 27 ga Oktoba, bayan Azahar

Hedimasta ya kira ni ofis ya rufe ƙofa. Ya ce mutanen ofishin ilimi za su zo ranar shida ga wata mai kamawa, kuma yana so su ga abubuwan da yarana suka yi, don ba a taɓa irinsu a nan ba. Sai ya buɗe durowa ya ɗora ƙwaryar farin zare a tebur. Ya ce, "Shuɗin nan bai yi kyau da kara ba. Ka canza shi."

Na ce ashe ka sani.

Ya ce, "A garin nan aka yanke mini cibiya. Na san zaren kowa."

Na ce, ranka ya daɗe, mutane za su tashi daga inda suka binne iyayensu a kan abin da ba su yi ba.

Ya ce, "Shanunsu ba su ci ba?"

Na ce sun ci, amma ba su suka buɗe ba, kuma a kan buɗewar ake korarsu.

Ya ce, "Malam Mu'azu, saurara. In ka fasa wannan ƙwan, makaranta za a ce. Iyaye za su ce muna koya wa 'ya'yansu sata, su janye su, musamman matan. Shekara takwas na yi ina bin gida-gida kafin a ba ni 'ya'ya mata. Kai gobe takarda za ta zo ka ɗauki jakarka. Ni a nan za a binne ni. Waɗancan kuma ko da zare ko babu zare wata rana za su tashi."

Abin haushin, ba duka ne ƙarya ba. Rufin ajina shi ya hau da kansa ya gyara, na gani. Amma ya iya kallon mutum cikin ido ya miƙa masa zare kamar yana miƙa masa goro. Haka hedimastan makarantar da na baro ma ya yi, sai dai shi takarda ya miƙo in sa hannu.

Na ɗauki zaren. Ban san me ya sa ba. Na sani.

Talata, 28 ga Oktoba, bayan La'asar

Bayan an tashi na zauna a aji ni kaɗai da reza. Huɗu na kwance, na sake ɗaure su da fari. Sun fi kyau, Hedimasta ya yi gaskiya.

Na biyar gadon Raihana ne. Ta yi masa katifa da ƙyallen wata tsohuwar jallabiya mai ruwan toka, ta ɗinke gefen da hannu, ɗinkin a karkace. A ƙasa takardata ce da rubutuna: daga Raihana zuwa Saude. Na ajiye rezar.

Mako biyu ina rubuta a littafin nan cewa mutanen garin nan kaza ne, malaman nan kaza ne. Huɗu na kwance.

Laraba, 29 ga Oktoba, da safe

Gida uku daga ruga ba su jira Juma'a ba. Ina hanyar makaranta suka wuce ni, shanu a gaba, jakuna da ƙore da tabarmi, mata da goyo. Ƙanen Buba ne da surukansa biyu. Na ga Hasiya da Ja'e da Mujitaba, 'yan ajina. Ja'e ya ɗaga mini hannu, uwarsa ta sauke masa shi.

Na tsaya a gefen hanya na ba su wuri. Iyakar abin da na yi ke nan, na ba su wuri.

Alhamis, 30 ga Oktoba, bayan Azahar

Buba da kansa ya zo makaranta. Dogo ne, ba ya ɗaga murya. Ya cire takalmi a ƙofar aji, abin da ko malamai ba sa yi, ya gaishe ni har da tambayar mutanen gida da bai taɓa gani ba. Ya ce takarda yake so in rubuta wa Saude, yadda in sun sauka wani wuri za a karɓe ta a aji huɗu, kada a mayar da ita baya. Ya ce, "Tana son karatun naku, Malam. Har shanu take koya wa."

Idonsa ya kai taga. Ya ɗauki saniyar ya juya ta ya yi ɗan murmushi. Ya ce, "Farar tawa ce. Dubi yadda ta yi mata wuyan." Na ce ya tafi mata da ita. Ya mayar inda take ya ce a'a, Saude ta ce ta wata ce.

Motocin suna gabansa, talatin da wani abu, da zarensu. Bai san zaren ba, shi ba manomin lambu ba ne. Na rubuta masa takardar. Ya yi mini godiya sau uku.

Ban ci abinci ba.

Juma'a, 31 ga Oktoba, bayan La'asar

Zan rubuta shi yadda ya faru, kafin gobe in fara gyara wa kaina labarin.

Da safe na cire takardun sunaye daga ƙasan kyaututtukan duka, na zuba su a aljihu. Na ari babban daro wajen matar mai gidan da nake haya. Bayan sallah na ɗora shi a ka na ratsa gari. Malamin makaranta da daro a ka, yara suna bina.

Ƙofar mai gari a cike. Alhaji Shitu a dama da mutanensa, Buba a hagu da dattawa biyu, tsakaninsu fili kamar an share. Na durƙusa na yi gaisuwa. Mai gari ya ce, "Malamin makaranta, talla ka kawo mana?" Aka yi dariya. Hedimasta yana can baya, bai yi ba.

Na ce, Allah ya ja zamaninka, shaida na kawo. Na jera su a tabarma, motoci da jirage da gadon. Na ce ni na umarci yara su kawo busasshen kara a watan da babu busasshen kara a ƙasar nan sai wanda yake jikin darni. Na ce a garinmu gero muke yi, yanzu kara ya bushe, ban tsaya na dubi inda nake ba. An faɗa mini ba a yanke dawa ba, na ce wanda bai kawo ba a waje zai tsaya. Hannun da ya kwance darnin Alhaji daga ajina ya fito, ba daga ruga ba.

Wani ya ce zaren buhu ai kowa yana da shi. Alhaji Shitu ya miƙo hannu aka ba shi motar Mustapha. Ya kai ta kusa da ido, ya murza bakin zaren da yatsa. Ya daɗe. Sannan ya ce, "Nawa ne. Ni nake ƙona bakinsa da ashana kada ya warware."

Ya ce, "Su wane ne yaran?"

Na ce, Alhaji, aike na yi, ni ne.

Ya ce, "Sunansu nake tambayarka."

Na ce ba zan faɗa ba.

Nan aka taso. Wai baƙo ya zo ya raina dattawa, wai Fulani sun saye ni da nono, wai dama an ce korata aka yi daga inda na fito. Ɗaya daga cikin ukun nan na ranar hayaƙi shi ya fi kowa kumfar baki. Na kalle shi har ya zauna.

Alhaji Shitu kuwa ya sunkuya kan tabarmar. Gadon ya ɗauka. Ya ɗaga 'yar katifar ya shafa ƙyallen. Na manta da ƙyallen, wallahi na manta. Ya dubi ɗinkin, ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya mayar da katifar a hankali ya daidaita ta. Ya ce wa mai gari, "Ranka ya daɗe, na janye tambayar. Ba na son sunan kowa."

Sai ya juya hagu, karon farko tun da aka zauna. Ya ce, "Buba, shanunka sun ci. Amma ba kai ka buɗe ba, kuma na ce kai ne a gaban masallaci."

Buba ya ce, "Sun ci, Alhaji. Da mai kiwon bai yi barci ba da ba su ci ba. Wannan namu ne."

Mai gari ya ce babu wanda zai tashi. Ɓarnar lambu za a zauna a kanta tsakanin dattawa. Maganar hayaƙi da hannun yaro kuwa, za a duba. Na san wannan za a duba, na girma da ita.

Da aka watse ina kwashe kayan cikin daro, Buba ya tsaya a kaina. Na ɗauka godiya zai yi, har na fara shirya abin da zan ce. Ya ce, "Malam, yaushe ka ga zaren?"

Na ce Larabar makon jiya.

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Ƙanena shekaranjiya ya tashi." Ya sa takalminsa ya tafi.

Asabar, 1 ga Nuwamba, da safe

Mai shayi ya ce madara ta ƙare. Ina ganin gwangwanin.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, bayan La'asar

Na faɗa wa Kulu. Ta ce, "To. Ka ci abinci dai?"

Litinin, 3 ga Nuwamba, bayan Azahar

Biyu sun dawo daga ruga. Daga cikin gari kuma an riƙe yara bakwai, biyar mata. Hedimasta ya karanta mini sunayensu a tsaye, ɗaya bayan ɗaya, sannan ya miƙo mini takardar neman bahasi: me ya sa na fitar da kayan makaranta ba da izini ba. Kayan makaranta. Makon jiya karan darnin Alhaji ne, yau kayan makaranta.

A kan takardar ina da abin cewa. A kan yara bakwai ba ni da shi. Ya faɗa mini haka za ta faru. Na ce masa in zai bi gidajen zan bi shi. Ya ce, "Kai ka zauna. Fuskarka ba za ta taimaka ba."

Laraba, 5 ga Nuwamba, da hantsi

Ina cikin darasi na ji an jefar da abu a ƙofa. Alhaji Shitu ne da keke, ya sauke dami biyu na sabon kara, na dawar da ya fara yankewa. Bai yi mini sallama ba. Ya ce, "Wannan sai ya sha rana mako biyu. In kuna son kara, ana tambaya." Ya leƙa ajin ya ce, "Ina matar tawa mai ɗinkin karkace?" Raihana ta nutse ƙarƙashin benci. Ya ce, "Jallabiyar ma ba ki tambaya ba." Ya hau kekensa.

Ta fito tana kuka tana dariya. Na ce a buɗe shafi na ashirin.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, bayan Azahar

Mutanen ofishin ilimi sun zo. Hedimasta ya sa an kulle ajina, aka jera musu tsintsiya a ofis. Sun yaba ƙwarai da hazaƙar yara. Kowannensu ya tafi da biyu.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, kafin sallah

Shida daga ruga sun cika yau, har da Saude. Huɗu daga cikin bakwai ɗin gari ma sun dawo, aikin Hedimasta ne, ya bi gida-gida, a rubuta masa wannan.

Na mayar da takardun sunaye, aka yi rabon kyauta. Saude ta zo da ƙaya biyu a ƙulle a bakin mayafi, amma saniyar ta bushe, ƙaho ya ƙi shiga, sai bayan ya ɓalle. Na ɗauka za ta yi kuka. Ta nemi ruwa a murfin buta, ta farfasa ta, ta jiƙa, ta fara daga farko. Raihana ta ajiye mata gadon a gabanta ta ce, "Ki yi ta ƙarama yadda za ta hau." Saude ta ce, "Saniya ba ta hawa gado." Raihana ta ce, "Tawa tana hawa." Suna nan suna yi har aka buga ƙararrawa.

Kowa ya tafi da tasa, na ukun gari da ba su dawo ba aka kai musu gida. Uku suka rage a taga: jirgin Hasiya, motar Ja'e, motar Mujitaba. Ta Ja'e tana cikin huɗun da na ɗaure da fari. Na kwance farin, na nemo shuɗin a kwandon shara inda na jefa shi, na mayar.

Na tambayi Saude inda baffanta ya sauka. Ta ce wajen Dangora, amma ba ta san daidai ina ba. Direban motar kasuwa ya ce zai sauke ni a mararraba, daga can sai tambaya da ƙafa.

Gobe ce Asabar ɗin da na yi wa Fa'iza alkawari. Na kira na ce sai mako mai zuwa. Ta ce jirgin fa? Na ce karan bai bushe ba tukuna.

Na samo kwali na shimfiɗa masa tsumma, na jera kyaututtukan uku a ciki. Yana bakin ƙofa, kusa da takalmina.